Na San Motar Ta Sha Ruwa, Na Bar Mijina Ya Saya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi, ina gaida iyayena mata da yayyena da ke karantawa, Allah ya saka muku da alheri kan lokacin da kuke ba bayinsa. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata. Kuma ina roƙonku, kafin kowa ya ɗaga yatsa ya rubuta mini zagi, ya daure ya karanta har ƙasa. Ban zo wanke kaina ba. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina shi a kan sallaya, abin da na rasa shi ne wanda zai ce mini ga hanya.

Ni 'yar Gummi ce, aure ya kai ni ƙasar Bukkuyum shekara goma sha tara ke nan. Na gama sakandare kafin a yi mini aure, ba na aikin komai sai hidimar gida da ɗan ƙuli-ƙuli da nake yi. Mijina malami ne, yana karantar da yaran unguwa da safe, magidanta kuma bayan la'asar, sannan manomi ne kamar kowa. Zan kira shi Malam, don haka nake kiransa a gida ma. Farkon aurenmu a Yargalma muka zauna, kuma duk wanda ya san yankinmu ya san abin da gubar dalma ta yi wa yara a shekarun da ake daka duwatsun zinariya a tsakar gidaje. 'Yata ta fari tana rarrafe a lokacin. Allah ya bar mana ita da rai, amma ta fito da farfaɗiya da raunin ƙafar hagu. Yanzu budurwa ce, ta fi ni tsawo, ga fara'a, ga son kitso, amma har gobe sai mun kai ta asibiti a Anka an duba ta an ba mu magani. Shekara da shekaru a kan mashin muke kai ta. Malam a gaba, ita a tsakiya, ni a baya na ɗaure mu da zane ni da ita kamar goyo. Bara ciwon ya tashi muna tsakiyar tafiya, ta sandare, ta ja mu gaba ɗaya muka zube a gefen gonar dawa. Da Malam ya tashi yana kakkaɓe rawaninsa, gwiwarsa na jini, ya tada mashin muka dawo gida. Ya ce, "In Allah ya so, wagga yarinya ba ta ƙara hawan mashin."

Daga nan aka fara tara abin sayen mota. Ku da ke birni wataƙila ba za ku gane abin da ake nufi ba in an ce manomi ya sayar da bijiman huɗarsa. Su ne ƙarfin gonarsa, ya fi sanin tarinsu da na kansa. Malam ya kai su kasuwa duka biyun, ya haɗa da waken da ya noma, ni kuma na ba da awakina uku. Da ya haɗa komai ya tafi Gusau wurin masu sayar da motocin da ake shigowa da su daga waje, 'yan Kwatano, ya dawo da yamma yana dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Maman yara, kuɗinmu ko tayoyinsu ba su saya. Wani har kujera ya ba ni in zauna in huta kafin shi hwaɗa min farashi." Sai muka san cewa ta hannu za mu nema, wadda ta sha tafiya a nan gida, in dai tana tashi tana kai mutum inda za shi.

Ni ce na kawo maganar yayana. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma tun da Baba ya rasu shi ya riƙe ni. Shi ya biya mini kuɗin jarrabawa, shi ya tsaya mini waliyyi, in na haihu shi ke fara aiko da rago ko kuɗinsa. Dillalin motoci ne a Gummi, ya daɗe a harkar. Wa zan yarda da shi in ban yarda da Yaya ba? Na kira shi na gaya masa iyakar abin da muke da shi da dalilin neman motar. Ya ce, "Haba ƙanwata, ina raye mijinki shi tai Gusau yana shan rana? Ku ba ni sati." Sati bai cika ba ya kira, ya ce an dace, wani Alhaji ne a Sakkwato zai rabu da motar da matarsa ke shiga, ƙarama, ba ta shan mai, rabin rayuwarta a inuwa ta yi shi. Kuma abin mamaki, kuɗinta daidai da abin da muke da shi, ba ragi ba ƙari. A lokacin na ɗauka ikon Allah ne.

Akwai wani makanike magidanci da ke ɗaukar karatu wurin Malam. Da ya ji labari ya ce zai bi Malam ya duba motar kyauta, don shi a saninsa ba a sayen ta hannu sai an shiga ƙarƙashinta, an buɗe injin, an zaga da ita. Malam ya shigo ya gaya mini. Ni kuwa na ce, "Malam, ka tai gidan surukanka da mai bincike? Yaya zai ga kamar ba ka yarda da shi ba. Innarmu ma in ta ji ba za ta ji daɗi ba." Ya ce, "Kin yi gaskiya, ban yi wanga tunani ba. Allah shi tsare ni da abin kunya." Wallahi a ranar da zuciya ɗaya na faɗa. Kun san yadda kunyar surukai take a wurinmu, mutum ba ya cin abinci a gabansu balle ya ɗaga kayansu yana juyawa yana neman aibi. Wannan ban ɗauke shi babban laifina ba. Babban yana gaba.

Na riga Malam tafiya Gummi da kwana biyu don in gaida Inna, mahaifiyarmu, wadda ke zaune a gidan Yaya. Damina biyu da suka wuce ruwa ya yi ɓarna a garin, ya ci ɗakinta, tun daga nan take raɓe a wani ɗan ɗakin ajiya kusa da madafi. Ni na je na taya ta wanke kayanta a wancan lokacin, kwana huɗu ina kankare laka daga kwanuka da akwatuna, don haka warin abin da ruwan ambaliya ya kwanta a kansa ba baƙo ba ne a hancina. Ina shiga gidan da hantsi na tarar da motar a tsakar gida, fara sol, ta sha wanki tana ƙyalli, ƙofofinta huɗu a buɗe, but ɗin zuba kaya na baya ma a buɗe. Na yi murna har na ce masha Allah da ƙarfi. Sai na ga hayaƙi na fita ta taga. Na matsa, ashe matar Yaya ce ta ajiye kaskon turaren wuta a ƙasan kujerar baya, wani kuma a but. To ni mace ce, na san lokacin da ake turara ɗaki don ƙamshi, na kuma san lokacin da ake turara shi don a danne wani abu. Na sa kaina ciki, ƙarƙashin ƙamshin sandal ɗin nan sai ga warin nan na rima, na katifar da ta jiƙe ta bushe. Na ɗaga gefen kafet da yatsa, na ga laka busasshiya mai laushi kamar garin lalle, irin wadda na share a ɗakin Inna. Na jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, daga rabi zuwa ƙasa duk ya yi shatin ruwa ja. Ƙarafunan ƙarƙashin kujera sun yi tsatsa, alhali saman motar kamar yau aka fito da ita.

Ina durƙushe a haka na ji muryarsa a bayana. "Mi kika nema nan, Hajiya makanike?"

Na miƙe na ce, "Yaya, wagga mota ta sha ruwa."

Bai ko girgiza ba. Ya yi dariya ya ce, "To sai mi? Ruwa ne, ba wuta ba, ba haɗari ba. An wanke inji, an juye baƙin mai, an sa sabon batir. Tada ta ki ji, kamar agogo."

Na ce, "To a hwaɗa ma Malam, in ya so shi saya da saninshi."

Nan fuskarsa ta sauya. Ya ja ni gefe bakin rijiya, ya sassauta murya. Ya ce in yi wa kaina adalci, da ɗan abin da mijina ya tara me zai saya, baro? Ya ce Malam mutum ne mai tsoro, in ya ji kalmar ruwa zai fasa, kuɗin su narke a hidimar gida, bijimai sun tafi, mota babu, yarinya ta koma kan mashin. "Kina son ta sake hwaɗuwa? In ta hwaɗi kan kwalta wanga karon fa?" Sannan ya nuna mini ɗakin ajiyar da Inna take, ya ce, "Kin ga tsohuwar can? La'adar da Alhajin zai ba ni, ko sisi ba ni taɓawa, bulo za a saya a tada mata ɗaki kafin ruwa shi sauka. In kin ɓata cinikin ga, ke da Allah."

Jama'a, me ya kamata in yi a wurin? Na sani, yanzu na sani. Waya na hannuna, kira ɗaya ne. Amma na tsaya ina kallon Inna tana tankaɗe a bakin wannan ɗan akurkin, na tuna 'yata kwance a gonar dawa, na ce a raina ai Yaya ya fi ni sanin mota, ai ba zai cuci jininsa ba, ai wataƙila ruwan bai kai inda ake tsoro ba. Na yi ta jera wa kaina dalilai har suka yi yawan da zan ɓuya a bayansu. Na mayar da kafet ɗin yadda yake. Da hannuna na mayar da shi, har na danna gefen don ya kwanta.

Ranar ciniki ina bayan katangar zaure ina jin komai. Malam ya zo da kuɗinsa a cikin jakar da yake zuba littattafai. Aka gaisa, aka daɗe ana gaisawa. Yaya ya tada motar, ta tashi tsaf. Sai na ji ya ce, "Malam, da ka zo da makanike ai, a duba maka ita da kyau, harkar ƙarfe ba ta da tabbas." Ya san amsar da za a ba shi, shi ya sa ya faɗa. Malam ya ce, "Subhanallahi! Ni in kawo wani shi duba abin da kad duba? Idonka ai idona ne, Yaya." Ko da yake Malam ya girme shi, Yaya yake ce masa saboda ni. Bai taya ba, bai nemi ragi ba, bai ko zaga bayanta ba. Ya miƙa jaka, Yaya ya ce ya sallama a madadin mai ita, aka yi musabaha, aka shafa fatiha. Ni ma na ɗaga hannu a bayan katanga na shafa. Har yau in na tuna wannan fatihar sai tsigar jikina ta tashi.

Wani direba ya kawo mu gida, don Malam bai gama koyon tuƙi ba. A hanya ya juyo yana murmushi ya ce, "Kin ji ƙamshi? Yaya har turare ya sa muna." Na ce, "Na ji." Da muka iso unguwa ta fito, mata suna guɗa, 'yata ta shiga ta zauna a baya ta ƙi fitowa, a nan ta ci tuwonta. Malam ya raba goro da dabino. Na yi dariya tare da kowa.

Wata na farko lafiya lau, har na fara cewa ashe tsorona ne kawai. Daga nan ƙananan abubuwa suka fara. Gilashi ya sauka ya ƙi hawa. Fitila ta kama kanta da rana tsaka. Wata Juma'a ana tsakiyar huɗuba ham ɗinta ya kama ihu shi kaɗai a ƙofar masallaci, sai da aka cire kan batir, yara suka sa mata suna Mai Aljanu. Malam yana dariya yana cewa tsufa ne, kowane tsoho da irin tarinsa. Ni kuwa duk abin da ta yi sai in ji kamar sunana take kira.

Ranar da ba zan manta ba, muna hanyar Anka da safe, ranar ganin likita. Mun wuce gari mun shiga wannan dajin da kowa ke addu'a kafin ya shige shi, inda direbobi ba sa tsayawa ko da mutum ya ɗaga musu hannu biyu, saboda mutanen daji. Nan ta yi tari sau biyu ta mutu. Malam ya murɗa makulli, shiru. Ya sake, shiru. Ya buɗe gaba yana kallon injin kamar mai kallon rubutun da bai iya karantawa ba. Motoci uku suka wuce mu a guje, ban ga laifinsu ba. Rana ta fara zafi, 'yata ta fara cewa, "Mama, mu tai gida, Mama, ina jin tsoro," kuma tsoro da zafi su ne ke tada mata ciwon. Kafin in jiƙa ɗankwali in sa mata a kai ta sandare. Na jawo ta ƙasa gefen hanya na kwantar da ita a cinyata, tana fizga, ta ciji harshenta jini na bin haɓarta. Malam, mutumin da ko a gida ban taɓa ganin kansa ba hula a gaban yara ba, ya warware rawaninsa ya tsaya a tsakiyar kwalta yana kaɗa shi. Mun fi awa biyu a wurin. Duk ƙarar mashin da na ji daga cikin daji sai in ce shi ke nan, sun zo. Daga ƙarshe wata motar buhunan gero ta tsaya, Allah ya yi wa direban nan albarka duk inda yake, ya ɗora mu a kan buhuna.

A kan buhunan nan Malam ya riƙe ƙafar 'yarsa ya ce, ba ni yake kallo ba, "Laifina ne. Ni ban san mota ba, na ɗauko ku na kawo ku daji." Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ƙaddara ce, Malam."

Da aka jawo motar gari, makaniken nan ɗalibinsa ya kwance ta. Kwana biyu ya zo ya sami Malam a zaure, ya ce motar nan ta kwana cikin ruwa, ba kwana ɗaya ba, wayoyinta duk sun ci, na'urar da ke sarrafa injin ta ruɓe daga ciki, in an gyara nan gobe can zai tashi, kuma ba motar da za a sa iyali a shiga daji da ita ba ce. Na ji daga tsakar gida, na jingina da bango ina jiran a kira ni. Malam ya shigo, ya zauna a bakin gado, ya ce, "Maman yara, an cuci Yaya. Alhajin nan na Sakkwato ya ɓoye mai aibi. Don Allah kada ki hwaɗa mai yadda abin yat tsananta, kunya za ta kashe shi." Kun ji irin mutumin da na yi wa haka. Shi aka cuta, shi ke neman yadda zai rufa wa wanda ya cuce shi asiri.

Sati biyu bayan nan na ce zan je gaida Inna. Niyyata in ce wa Yaya ya mayar wa Alhajin motarsa ko a rage mana wani abu. Na shiga gidan na tarar da Inna a ɗakin ajiyarta, an kafa roba biyu a ƙasa saboda yoyo. Inda ɗakinta yake ko bulo ɗaya babu, kabewa ce ma ta yaɗu a wurin. Na ce, "Inna, ina maganar gini?" Ta ce, "Wane gini, ɗiyata?" Ba ta ma taɓa jin zancen ba. A tsakar gida kuwa ga sabon mashin a lulluɓe da bargo, ga firiza ana sayar da ƙanƙara. Matar Yaya ba ta iya riƙe magana ba, kuma a zatonta na san komai tunda na gan ta da kasko. Muna tsinke zogale ta ce, "Ai motar nan ta yi muna rana. Wata takwas tana kwance bayan gidan mai ita tun da ruwa ya hau ta, 'yan gwangwan za shi ba, yayanki yas saye ta kuɗin ƙarfe." Na ce, "Alhajin Sakkwato fa?" Ta ce, "Wane Alhaji?"

Babu Alhaji. Babu matar Alhaji. Babu la'ada. Motarsa ce, ya sayo ta a matsayin gawa, ya yi mata wanka da turare, ya zauna yana jiran wanda ba zai duba ba. Sai ga ƙanwarsa ta kira ta gaya masa adadin kuɗin mijinta har da dalili. Shi ya sa farashin ya zo daidai.

Na same shi a zaure shi kaɗai yana cin gyaɗa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba tunda aka haife ni, ranar ma ban iya ba, kuka ne ya riga maganar fita. Na ce, "Yaya, ɗiyata ta kusa mutuwa a daji. Bijiman Malam ne fa. Mi munka yi maka?"

Ya ce, "Ta mutu? Ba ta mutu ba. Mota kuwa kowace iri tana lalacewa."

Na ce, "Ka ce min ɗakin Inna."

Ya ce, "Za a yi. Ke kika ciyar da ita ko ni?"

Na ce to zan gaya wa Malam gaskiya. Sai ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Tai ki hwaɗa mai. Amma ki fara daga inda kid ɗaga kafet. Ki hwaɗa mai wa ya hana shi zuwa da makanike. Ni dillali ne, an san halin dillali. Ke fa? Matar malam, mai tashin sallar nafila. Mu gani wa za a fara kora, ni da ba gidanshi nike ba ko ke."

Wannan ne mutumin da ya goya ni a wuyansa ya kai ni makaranta ranar farko. Na rasa abin da ya fi yi mini ciwo, cutar da ya yi mana ko yadda ya tanadi shiruna tun ranar farko ya ajiye shi kamar wuƙa. Ashe da ya ja ni bakin rijiya ba lallashina yake ba, ɗaure ni yake.

Na koma wurin Inna na gaya mata rabi, ban da nawa laifin. Ta yi ta salati, ta share hawaye, sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Ki rufa ma ɗan'uwanki asiri don darajata. In mijinki ya ji, zumunci ya yanke, ni kuma a gidan nan nika kwana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Na ce to, Inna. Na sake cewa to.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da na ci gaba da haɗiye shi ina istigfari har in mutu da shi. Amma shekaranjiya Malam ya dawo daga masallaci da fara'a, ya ce ya yi magana da Yaya a waya. Wai Yaya ya nuna baƙin ciki ƙwarai, ya ce a kawo motar zai karɓa a yi musaya da wata mai lafiya da ta shigo hannunsa, sai dai a yi ciko, kuma cikon ba kaɗan ba ne. Malam ba shi da sauran abin sayarwa sai gonar fadama da ya gada wurin mahaifinsa, wadda muke cin shinkafarta, kuma har ya yi wa wani maƙwabcinmu maganar ta. Ya ce, "Lafiyar yarinyar nan ta fi fadama. Kuma wanga karon Yaya zai buɗe ido da kyau, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yakai." Na ce, "Malam, ko dai a je da makaniken nan?" Ya yi dariya ya ce, "Yanzu kuma? Yanzu ne ma ba ya yiwuwa. In na je da shi yanzu, kamar na ce ma Yaya da saninshi ya cuce ni."

Ranar Asabar mai zuwa za a shafa fatihar cinikin gonar, Lahadi ya wuce Gummi da kuɗin.

Ba na iya cin abinci. In ya ce mini sannu da aiki sai in ji kamar ya mare ni. Shekara goma sha tara bai taɓa kama ni da ƙarya ba, ko canjin cefane na ce kaza ne ba ya ƙirgawa. A gaban ɗalibansa yake cewa matarsa ta fi shi tsoron Allah, ni kuwa ina jin karatun da yake yi musu kan haramcin ɓoye aibin kaya a ciniki, ina daga ciki ina tuƙa tuwo. In na gaya masa halin Yaya kaɗai, Yaya zai faɗi nawa, kuma gara ya ji daga bakina. In na faɗa duka, zai san cewa ranar da yake tsaye a kwalta kai ba rawani yana cewa laifinsa ne, ni na san ko na waye, na bar shi ya ɗauka. Ban san ko zai sake ni ba. Ba na jin zai yi, ba halinsa ba ne. Abin da nake tsoro ya fi saki: ya yafe mini da baki, ya ci gaba da zama da ni, amma daga ranar in na ce masa ruwa ya tafasa sai ya leƙa tukunya. Ga Inna da ta roƙe ni da darajarta, ga ta a hannun Yaya. In kuma na yi shiru, fadama ta bi bijimai, kuma ban san wace gawar zai sake turarawa ya ba mu mu sa 'yata a ciki ba.

Na san gonar nan ba za ta tafi ina kallo ba, wannan kam na yanke. Abin da na kasa shi ne yadda zan buɗe baki. In same shi ni kaɗai in faɗa masa tun daga kafet har zaure? In nemi wani babba ya zauna a tsakani, alhali hakan tona asirin Yaya ne ga duniya? Ko akwai hanyar da zan tsayar da cinikin nan ba tare da na rasa yardar mijina ba, ko kuwa wannan ma wata ƙaryar nake nema in ɓuya a bayanta? Iyayena, malamaina, wadda ta taɓa tsayawa tsakanin ɗan'uwanta da mijinta ta gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Kwana huɗu suka rage mini. Don Allah, me zan yi?